Sharhi: Tsattsewar dutse, halittar da ta taɓa mallake teku

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. A ƙasar Sin, masu maganin gargajiya sun daɗe suna sayar da wani ɗan dutse mai fukafukai biyu, suna kiransa tsattsewar dutse. Sai dai ba tsuntsu ba ne. Bawon wata halittar teku ce da masana ke kira birakiyofod, wadda ta mutu cikin laka, laka ta daskare ta zama dutse da ita a ciki.

Wanda ya gan ta zai ɗauka makankari ce, amma ba danginta ba ce. Bawo biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da wata jijiya da take kafa kanta da ita a ƙasan teku, tana tace abinci daga ruwa. Ba ta farauta, ba ta gudu. Da wannan zaman wuri ɗaya ta bayyana fiye da shekaru miliyan 500 da suka wuce, ta cika tekuna maƙil. Masana sun gano nau'inta sama da 12,000 a cikin duwatsu. A jihar Kentaki ta Amurka yawanta ya kai har a 1986 aka mai da ita ɗaya daga cikin alamomin jihar a hukumance.

To me ya karya ta? Shekaru miliyan 252 da suka shuɗe, ƙasa ta dinga aman wuta a yankin Saberiya na Rasha ta yau. Iskar da ta fito ta ɗumama duniya, ruwan teku ya yi zafi ya yi tsami, iskar shaƙa ta ragu a cikinsa. Mafi yawan halittun teku suka hallaka. A ganina nan ne labarin ya fi nauyi, domin ɗumamar ruwa da tsaminsa su ne dai abin da masana ke aunawa a tekunanmu yanzu, kuma halittar da ba ta iya ƙaura ita ce farkon shan wuya. Bayan waccan halaka, dangin makankari suka gaje wurin birakiyofod.

Ba ta ƙare ƙurmus ba. Kimanin nau'i 400 na nan da rai, akasari a ruwa mai sanyi ko mai zurfi. Akwai ɗaya, Lingula, da ke haƙa rami cikin laka a gaɓar tekun Ariyake na Japan, inda mazauna wurin ke tono ta su dafa.

A huta lafiya.