Firist Ɗin Da Ya Zauna

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ku buɗe Ibraniyawa sura 10, aya 11 da 12. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Ku tuna kayan da ke cikin alfarwa ta sujada a zamanin Musa. Akwai bagade, akwai daron wanke hannu da ƙafa, akwai teburin gurasa, ga alkuki mai fitila 7. Ina kujerar firist? Babu ita. A tsaye yake wuni, domin aikinsa ba ya ƙarewa. Ɗan rago da safe, ɗan rago da yamma, gobe ma haka. Ranar Kafara kuwa, sau ɗaya a shekara, babban firist ya ratsa labulen da ya tsare Wuri Mafi Tsarki da jinin bijimi, ya fara neman gafarar kansa tukuna kafin ta jama'a. Baɗi warhaka ya sake.

Sai aya 12 ta ce Almasihu ya miƙa hadaya ɗaya tak, ya zauna dama ga Allah. Ya zauna fa! Mai aiki ba ya zama sai ya gama. Shi ya sa da ya saki ransa a kan gicciye, labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne, da yawanmu in wahala ta zo, sai mu ɗauka ragowar bashi muke biya. A'a. Fansa ba a biyanta sau biyu. Mutanen da aka rubuta wa wasiƙar nan sun sha wuya, ku duba aya 32 zuwa 34: an ci mutuncinsu a bainar jama'a, an washe dukiyarsu, an kulle wasu. Har waɗansu suka fara janye jiki daga taro. Amma marubucin bai ce su ƙaro hadaya ba. Jimiri ya ce suna bukata, su riƙe abin da ke hannunsu.

Haka Polikap, dattijon ikilisiyar birnin Simirna da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya riƙe, wajen shekara ta 155. Gwamna ya ce ya zagi Almasihu a sake shi. Tsohon ya amsa cewa shekara 86 yana bauta masa, bai taɓa cutarsa ba, yaya zai saɓi Sarkin da ya cece shi? Suka tara itace don su ƙone shi. Da za su kafe shi da ƙusa, ya ce su bari, wanda zai ba shi ƙarfin jure wuta zai tsayar da shi. Sai suka ɗaure shi kawai.