Daga Asawase zuwa Ejura: masu tsaya wa talaka magana

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi, na Aboabo, na Asawase, na Sabon Zango, da duk inda kuke kallonmu. Yau zancenmu a kan 'yan gwagwarmaya ne, mutanen da suka mai da neman haƙƙin talaka aikinsu. Yawancinmu ranar zanga-zanga kaɗai muke ganinsu, da jan ƙyalle a ka, da allo a hannu. Amma nauyin aikin yana zuwa ne bayan an watse.

Mu fara da gida. Ranar 17 ga Yuli, 2018, 'yan sanda suka harbe samari bakwai a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Samarin nan 'yan zangon Kumasi ne, an san iyayensu, an san masallatan da suke sallah. Da an yi shiru, da sunan fashi ya bi su har kabari. Matasan Asawase suka fito kan titi, sarakunan zango da limamai suka matsa lamba, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Kwamitin ya ce bai ga wata hujja da ta nuna 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane gida sidi 250,000. Kuɗi ba sa dawo da ɗa, amma uwa ta samu bakin cewa ɗanta ba ɓarawo ba ne.

Sai Ejura, arewa da Kumasi. Can ne Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka, yake yawo da wayarsa yana ɗaukar ramukan hanya da kwatocin da suka toshe, ya ɗora a Facebook, ya kira masu muƙami su zo su gani. Ba shi da ofis, ba shi da mai gadi. A ƙarshen Yuni 2021 aka kai masa hari da dare kusa da gidansa, ya rasu ranar 28 ga wata a asibitin Komfo Anokye. Allah ya jiƙansa. Washegari bayan jana'iza matasa suka yi zanga-zanga, sojoji suka buɗe wuta, mutum biyu suka mutu. Kwamitin Mai Shari'a George Kingsley Koomson ya karkata ga cewa rikicin gida ne ya jawo kisan Kaaka, danginsa kuwa suka ƙi yarda. Abin da ba a musu a kansa shi ne, mutum biyun nan a gaban kyamara suka faɗi, da rana tsaka.

A shekarar ce kuma kiran #FixTheCountry, wato a gyara ƙasa, ya tashi daga intanet, kan tsadar rayuwa da rashin aikin yi. An hana fitowar farko da umarnin kotu, sai ranar 4 ga Agusta dubban mutane suka cika titunan Accra. Ɗaya daga cikin jagororin, lauya Oliver Barker-Vormawor, an kama shi a filin jirgin Kotoka a Fabrairu 2022 saboda abin da ya rubuta a Facebook kan harajin tura kuɗi ta waya, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa. A Satumba 2024 aka sake kama shi tare da mutum sama da 50 a zanga-zangar adawa da galamse, haƙar zinare ba bisa doka ba da ta mai da koguna irin su Pra da Ofin ruwan laka. Madatsar Barekese da Kumasi take shan ruwanta a kan Ofin ɗin take, saboda haka kada wani ya ce maganar 'yan Accra ce.

To mene ne aikin yau da kullum? Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba kowa 'yancin yin zanga-zanga. Dokar taron jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce kwana biyar kafin ranar. Sanarwa ce, ba neman izini ba, amma sau da yawa amsar da ke zuwa sammacin kotu ce. Idan aka yi kame, a nan ake gane su waye a tsaye. Lauya ya kwana yana bin caji ofis ɗaya bayan ɗaya yana tambayar sunaye, domin akan rarraba waɗanda aka kama. Wata baiwar Allah ta dafa wake da shinkafa ta zuba a leda, ta tsaya a bakin kantar caji ofis tana roƙon a miƙa wa waɗanda aka kama. Wani ya bi gida gida neman wanda zai tsaya beli, aikin da mutane ke gudu saboda sai ka kai hotonka da shaidar wurin zamanka. Ana tara sidi biyar, sidi goma ta waya don kuɗin mota zuwa kotu, a je, a ɗage shari'a, a sake komawa.

Mu 'yan zango wannan ɓangaren ne ya fi shafarmu, don yaranmu ne ake kwashewa a samame, kuma da yawa ba su san doka ta ce cikin awa 48 a kai mutum gaban alƙali ko a sake shi ba. Duk wanda aka kama yana da haƙƙin a faɗa masa dalili nan take, cikin harshen da yake ji, kuma ya nemi lauyan da yake so. Idan Hausa yake ji, da Hausa za a faɗa masa.