Tausa: me take yi wa jikin da ya gaji da mutumin da damuwa ta yi wa yawa

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da war haka. Na baya kuna jina? To madalla.

Yau maganar tausa za mu yi, kuma na san akwai wanda ya ce a ransa wai har tausa ma sai an zauna an yi mata lacca, abin da ko yaro ya iya. To ai shi ya sa nake so mu yi ta. Kowa ya san tana da daɗi amma ba kowa ya san me take yi a cikin jiki ba, kuma rashin sanin nan yana cutarwa ta gefe biyu, wasu sun raina ta sun maida ta abin 'yan hutu, ciwo kaɗan sai a haɗiyi ƙwaya, wasu kuma sun ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba, wai tana fitar da guba tana warkar da hawan jini tana kaza tana kaza, har mutum ya ajiye maganin asibitinsa ya je ya kwanta ana murza shi.

Abin ba sabo bane. Likitan Girka Hippocrates, sama da shekara 2000 da suka wuce, ya yi rubutu kan murza gaɓoɓi. Ibn Sina a littafinsa Al-Ƙanun fid-Ɗibb da ya kammala a 1025 ya rarrabe ta, akwai mai ƙarfi akwai mai laushi, akwai wadda ake yi kafin motsa jiki da wadda ake yi bayansa. Wadda aka fi sani yanzu ana ce mata tausar Suwidin, ana jingina ta ga Per Henrik Ling, amma wani likitan Holan ne Johann Mezger ya tsara salon shafawa da matsawar a ƙarni na 19. Tarihi kenan a gurguje, mu shiga jiki.

Dukkanmu nan mun taɓa buge gwiwar hannu a ƙofa ko gwiwa a gefen gado. Me kake fara yi? Kafin ma ka yi tunani hannunka ya kai wajen yana murzawa, kuma zafin yana raguwa da gaske, ba wai zuciyarka ce ta raya maka ba. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin da ya canza yadda likitoci ke kallon ciwo gaba ɗaya. Suka ce saƙon zafi ba ya tafiya kai tsaye daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya bi ta laka, kuma a cikin lakar akwai wani abu kamar ƙofa. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓawa da matsawa sun fi kauri sun fi sauri, to idan ka murza wajen sai su rigayi na zafin, su tura ƙofar nan ta ɗan rufe, abin da zai haye sama ya ragu. An yi wa bayanin nan gyare-gyare daga baya amma ginshiƙinsa yana nan. Ku lura fa, mai tausa yana zaton da tsoka kawai yake aiki, alhali rabin maganarsa da jijiya yake yi.

Akwai kuma wasu jijiyoyin da ni suka fi burge ni, Allah mai iko. A fatar jikinmu mai gashi, baya da dantse da cinya, akwai wasu siraran jijiyoyi da aikinsu shine jin shafa mai laushi. Masu bincike a Gothenburg ta ƙasar Suwidin sun auna su a 2009, suka ga sun fi tashi idan hannu na tafiya tsakanin santimita 1 zuwa 10 a cikin daƙiƙa guda, in ka yi sauri da yawa tashinsu ya ragu, in ka yi a hankali da yawa ma ya ragu, kuma a daidai wannan saurin ne mutanen da aka gwada suka ce shafar ta fi musu daɗi. Ka duba uwa in tana lallashin jaririnta, ba wanda ya koya mata amma a haka hannunta ke tafiya. Tunda na ambaci jarirai, a 1986 Tiffany Field a Miami ta Amurka ta gwada tausa ga bakwaini, minti 15 sau uku a rana na kwana goma, waɗanda aka yi wa suka fi sauran ƙara nauyi da kashi 47 cikin 100 a kullum, aka sallame su kusan kwana shida kafin sauran. Jariri bai san ana gwaji a kansa ba balle a ce ya sa rai ne.

To yanzu damuwa. In mutum na cikin tashin hankali, bashi ne ko rigimar gida ko aiki ya yi yawa, jikinsa yana shiga shirin ko-ta-kwana, zuciya na bugawa da sauri, numfashi ya koma sama-sama, kafaɗu su ɗage su nufi kunne, haƙora a cije ko cikin barci. An halicci wannan shirin ne don hatsari na ɗan lokaci, ka tsere ka huta. Matsalar ita ce mai damuwa yana zama a haka wata da watanni, tsokar wuya da kafaɗa a ɗaure safe da dare, sai ciwon kan nan mai kama da an ɗaure maka goshi ya biyo baya, barci ya lalace, rashin barcin kuma ya sa ciwon ya ƙara jin zafi, zafin ya ƙara damuwar. Da yawa daga masu cewa "jikina duk ciwo yake kamar an min duka" ba wani aikin ƙarfi suka yi ba wallahi, tunani ne ya sauka a kafaɗarsu. Tausa tana shiga tsakani a nan, tana taimaka wa jiki ya koma ɓangaren natsuwa, bugun zuciya ya sauka numfashi ya yi zurfi. A 2004 Christopher Moyer da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 37, suka ga zama ɗaya ma yana rage fargaba da bugun zuciya da awon jini na ɗan lokaci, in kuma aka jera zama da yawa to babban amfanin da ya fi fitowa fili shine raguwar fargaba da baƙin ciki mai daɗewa. Na ɗan lokaci na ce game da awon jini, dan Allah mai hawan jini kar ya ce na ce ya bar ƙwayarsa. Sannan za ku ji ana ta yaɗa cewa tausa na zubar da sinadarin damuwa kotizol da kashi kaza, shi Moyer ɗin dai ya koma ya duba a 2011 ya ga canjin ɗan kaɗan ne ƙwarai. Sauƙin da mutum ke ji gaskiya ne, bayanin da ake liƙa masa ne bai tsaya da ƙafarsa ba.

Mu dawo kan tsoka. Wanda ya yi gudu ko ya ɗaga ƙarfe bayan ya daɗe bai yi ba, ranar lafiya lau, kashegari ko jibi sai ya kasa sauka daga bene. Ciwon nan yana kai ƙarshen zafinsa tsakanin awa 24 zuwa 72. Shekara da shekaru ana cewa laktik asid, wani sinadari da ke ƙaruwa a tsoka lokacin aikin ƙarfi, shi ne ya taru sai a matse shi a fitar, to ba haka bane, laktik asid jiki da kansa yake share shi cikin kamar awa ɗaya bayan ka tsaya. Abin da ke ciwo 'yan ƙananan yagewa ne a zaren tsokar da kumburin da ke biyo baya lokacin gyara. A 2012 a jami'ar McMaster ta Kanada an samu samari 11 suka tuƙa keke har suka gaji tilis, aka yi wa ƙafa ɗaya tausa na minti 10 aka bar ɗayar, sannan aka ɗebi ɗan naman cinya daga kowacce aka duba. Ƙafar da aka tausa alamomin kumburi sun ragu a cikinta, alamomin gina sassan da ke samar wa tsoka ƙarfi sun ƙaru, laktik asid kuwa ko gezau. Mutum 11 ba yawa, na yarda, amma abu ne da aka gani da ido a cikin naman.

Ciwon baya shine babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shine kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. Akwai gwajin da nake so ku riƙe, an yi shi a Seattle aka buga a 2011, mutum 401 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Aka kasa su uku, kashi ɗaya tausa mai zurfi mai bin tsoka ɗaya bayan ɗaya tana neman inda matsala take, kashi na biyu tausar hutawa kawai, kashi na uku suka ci gaba da abin da suka saba. Sau ɗaya a sati har sati goma. Masu tausa duka biyun sun fi samun sauƙi sun fi iya harkokinsu, kuma abin mamaki ta hutawar ba ta gaza mai zurfin da komai ba. Amfanin ya kai wata shida ana ganinsa, zuwa shekara ya dushe. Wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ma a 2017 ta sa tausa da ɗumama wajen cikin abin da za a fara gwadawa ga sabon ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi.

Gwajin Seattle ɗin nan ya kashe wata magana da ke bani haushi matuƙa, wai sai ta yi zafi take aiki. Za ka ga an danne bawan Allah da gwiwar hannu yana cije baki yana riƙe numfashi, ana ce masa daure maganin kenan, kashegari ya tashi da tabo. In kana riƙe numfashi to jikinka ya koma ko-ta-kwanan da muke so mu fitar da shi daga ciki, tsokar ma ƙara ɗaurewa take don ta kare kanta. Matsi mai ɗan nauyi da za ka iya numfashi a cikinsa ya isa, kuma haƙƙinka ne ka ce a sassauta.

Darasi na biyu daga gwajin, sauƙin yana dushewa, don haka a yi amfani da shi tun yana nan. Awannin nan ko kwanakin da bayanka ya saki, lokacin ne za ka tashi ka taka, ka miƙe jiki, ka gyara yadda kake zama, ka samu barcin kirki. Motsi shine abin da ke riƙe baya a tsawon lokaci, tausa kuma tana sa motsin ya yiwu ga wanda da tsoron motsawa yake.

Yanzu ku bani hankalinku sosai, nan ne ake rasa rai. Idan sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi ta yi ɗumi, musamman bayan doguwar tafiya a zaune ko tiyata ko haihuwa ko doguwar jinya, kar wanda ya taɓa ta. Yana iya zama gudan jini ne ya daskare a jijiya, in ka matsa ya ɓalle ya tafi huhu, mutum na iya mutuwa nan take. Asibiti kai tsaye. Haka ciwon ƙirji da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi tare da gumi, wannan zuciya ce ba gajiya ba. Ciwon baya da ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko ƙafa na rasa ƙarfi, shima gaggawa ne. Ba a tausa a kan karaya, ko sabon targaɗe da ke kumbure, ko ƙuna ko gyambo, ba a yi wa mai zazzaɓi. Gaban wuya inda manyan jijiyoyin jini ke bi a bar shi kwata-kwata. Tsofaffi masu raunin ƙashi da masu shan maganin tsinka jini, hannu mai laushi kawai. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai ba zai san an ji masa ciwo ba, a kula. Mai juna biyu ta fara tambayar likitarta, kuma ta kwanta ta gefe.

Na ga hannu a can. Na'am Hajiya, bismillah.

Hajiya tana tambaya, mahaifiyarta na fama da ciwon kafaɗa da wuya, ita ba ta koyi tausa ba, ko za ta iya yi mata a gida. Ƙwarai kuwa Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. In dai likita ya duba Mama ba wani abu daga cikin waɗanda na lissafa, ki zaunar da ita a kujera ta jingina gaba a kan matashi, ki ɗumama hannunki ki shafa ɗan mai don kar fata ta ja. Ki fara da shafa doguwa a hankali daga tsakiyar baya zuwa kafaɗu, minti biyu ko uku, sannan ki kama naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa ki matsa ki saki, ki matsa ki saki, da tafin hannu ba da farce ba. Ki bi gefe da gefen ƙashin baya, kar ki danna kan ƙashin kansa. Ki riƙa tambayarta Mama ya kika ji, in ta yamutsa fuska ki rage. Minti goma zuwa sha biyar ya wadatar, kuma gara ki yi mata kaɗan-kaɗan sau uku a sati da ki tara ki yi awa guda sau ɗaya a wata. In an yi sati biyu zuwa uku ba canji, ko ciwon ya fara sauka hannu da jin kamar ana tsira mata allura a yatsu, to ki maida ta asibiti a haɗa ta da likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa jiki.

Saura tambaya ɗaya lokaci ya ƙure. Malam na gefen taga, bismillah.