Gindin Gawo: In an hana maganin ciyawa, wa zai riƙe hauya?

LAWALI: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Maraɗi. Rabi, ke kika taso da maganar nan, bisimilla.

RABI: Ba ni ba ce, Yaya Lawali, saƙonnin murya ne suka cika mini waya. Kowa tambayarsa ɗaya: in aka hana maganin ciyawa mai gilifozat ɗin nan, yaya za a yi da damina?

LAWALI: To, surutun dai daga waje ya faro. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba ta yarda ba. Kamfanin Bayer, da ya sayi kamfanin Monsanto mai yin maganin gilifozat na Roundup a 2018, ya kashe biliyoyin dala wajen sasanta ƙararrakin masu cewa maganin ya sa musu kansa. Turai suka yi ta ja-in-ja, a ƙarshen 2023 suka ƙara masa izinin shekara 10. Amma ni Siri Lanka nake son ku duba. Sun hana shi a 2015, masu gonakin shayi suka yi ta kuka ciyawa ta fi ƙarfinsu, a 2018 aka sassauta musu.

SANUSI: Ai kukan nan ni na san shi, Malam. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, ciyawa ta biyo shi, samarin gidan duk sun tafi ci-rani. Ɗan barema kuma sai ka bi layi, kuɗinsa daban, furarsa daban. In jiji ya kama maka gona a fadamar Jiratawa, ka sare shi yau, kafin sati ya dawo, don ƙwayarsa tana ƙasa. Maganin nan ta ganye yake shiga ya sauka har saiwa. Shi ya sa muke fesawa kafin shuka.

LAWALI: Kafin shuka, ka ji kalmar. Don ba ya zaɓe, in ya taɓa gero sai ya kashe gero. Kuma ba ya kashe 'ya'yan ciyawar da ke kwance cikin ƙasa, wato maimai yana nan yana jiranka. Abin da na gani da idona bara a hanyar Madarumfa shi ya hana ni barci. Yaro ne bai wuce a ce yana makarantar boko ba, famfon feshi a baya yana ɗiga masa a riga, ƙafa ba takalmi, yana auna magani da gwangwanin tumatir, ya sa hannu yana motsawa. Na karɓi kwalbar, rubutun duk Ingilishi, ta iyakar Najeriya wajen Jibiya da Ɗan Isa ta shigo. Ubansa bai iya karantawa ba, mai shagon ma da baki ya gaya masa awo.

RABI: Kwalbar ma ba a yar da ita. Na ga wadda aka ɗauraye aka zuba man gyaɗa. Ni kuma abin da ya fi ci mini rai, tafasa. Innata ta je bakin gona ɗiban ganye, ta tarar duk ya yi rawaya, tafasa da lalo da gasaya. Ku maza ciyawa kuke gani, mu cefane muke gani, da abincin awaki.

SANUSI: Kai, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli! Wanda ake kai wa 'yan gayya da hantsi.

RABI: Na Tibiri ko na ina?

SANUSI: Na garinmu mana, Hajiya. Ku na Tibiri yaji ya yi masa yawa.

RABI: Yajin ai shi ne kwaɗon! A dafa ganyen a matse ruwan ɗacin tas, a daka ƙuli da tattasai, a yanka albasa, a ɗan ɗiga mai.

LAWALI: Kun manta garin rogo.

RABI: Wannan ƙarin zamani ne, Yaya, kakata ba ta sa shi.

SANUSI: Tawa tana sawa, kuma makaɗin gayya sai da ya yi mata kirari a kai. Kwano ɗaya mutum biyar, kowa yana kare gefensa da hannu.

LAWALI: To ku dawo gona. Gayyar da kuke yabo ita ce ta yi ƙaranci har magani ya samu wuri. Ni tsorona biyu ne. Na farko, a hana a takarda a bar iyaka a buɗe. Kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan gona ya hana farakwat tun 2011, wani magani da ke ƙone ciyawa cikin kwana biyu, guba ce mai kisa in an sha. Ku zaga kasuwannin ƙauye ku gani ko ya ɓace. In gilifozat ya yi wuya, manomi can zai koma. Na biyu, itatuwa. Nan ƙasar Maraɗi aka fara sassaben zamani, tun zamanin Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya, a 1983, manoma suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara suna gyara shi har gonaki suka sake yin inuwa. Mai hauya yana ganin toho ya kauce masa. Mai feshi wucewa yake yi da sauri.

SANUSI: Amma Malam, ka ba ni madadi. Eka 3 ni kaɗai.

LAWALI: Akwai. Shuka a layi yadda garmar shanu za ta bi tsakani. Wake tsakanin gero, ya yaɗu ya rufe ƙasa, ga harawa. A lambu a shimfiɗa kara. A yi noman fari da wuri tun ciyawa ba ta yi ƙarfi ba. Sai dai shanu da garma kuɗi ne, wanda zai hana magani ya fara kawo bashinsu.

RABI: Yaya, mun yi alkawarin karanta saƙon masu noman aya na wajen Cadawa.

LAWALI: Ga shi ana kiran la'asar. Sati mai zuwa da su za mu buɗe, in Allah ya kai mu. Sanusi, ka zo da kwalbar maganinka mu karanta awon tare.