Ranar da sojojin Sarkin Rasha suka ƙi harbi

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau Rasha muka nufa, shekarar 1917. Gidan sarautar Romanov ya haura shekara 300 yana mulki, amma cikin mako guda ya watse. Malam Sani, me ya ci Sarki Nikolas na Biyu?

Malam Sani: To Hadiza, yawancin mutane za su ce miki yunwa da Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma ni a ganina, soja ne suka kayar da shi.

Bashir: Haba Malam, ai mata ne suka fara! Ranar 8 ga Maris matan da ke aiki a masaƙun unguwar Vyborg a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, suka ajiye aiki, suka fantsama kan titi suna neman burodi. Mace ta fito tun kafin asuba, ƙanƙara na zuba, ta bi layi awa da awanni, sai an zo kanta a ce burodi ya ƙare. Wa zai jure?

Hadiza: Bari in tsoma baki kada a rikice. Ana ce masa juyin Fabrairu alhali a Maris aka yi, saboda kalandar Rasha ta lokacin tana baya da kwana 13.

Malam Sani: Madalla. Kuma fa akwai hatsi a ƙasar. Jiragen ƙasa ne yaƙi ya cinye, suna ta jigilar soja da makamai. Amma Bashir, tuna 1905. Ma'aikata sun bi wani limamin coci mai suna Gapon zuwa fada da takardar koke, wasu ma riƙe da hoton sarki. Soja suka buɗe musu wuta, fiye da mutum ɗari suka mutu. Ga kunyar kashin da Japan ta ba su. Ƙasa ta hargitse, amma sarki ya sha, don soja sun tsaya masa.

Bashir: Ai ya amince aka kafa majalisa, Duma.

Malam Sani: Majalisar jeka-na-yi-ka! Ta farko ko wata uku ba ta cika ba ya rusa ta a 1906. Nikolas ya yi imani Allah ne ya ba shi mulki, ba zai raba shi da kowa ba. Babban kuskurensa kuwa a 1915 ne, da ya naɗa kansa babban kwamandan soja ya koma garin Mogilev, inda hedikwatar soja take. Daga ranar, duk kashin da aka sha a fagen daga a wuyansa yake.

Hadiza: Ya bar gari a hannun uwargida.

Malam Sani: Aleksandra, haifaffiyar Jamus, ana kuwa tsakiyar yaƙi da Jamus. Ga Rasputin, wani mai da'awar waliyyi, a gefenta, wanda ta yarda shi kaɗai ke iya sauƙaƙa wa ɗanta Aleksei ciwon da jini ba ya tsayawa. Cikin kusan shekara guda mutum huɗu suka riƙe kujerar firaminista. Har dangin sarki suka gaji, da hannunsu a kisan Rasputin a Disambar 1916.

Bashir: To ina maganar sojan?

Malam Sani: Ranar 11 ga Maris an ba su umarni, sun yi harbi, mutane sun mutu. Da dare suka koma bariki suka kasa barci. Yawancinsu sababbin ɗauka ne, 'ya'yan manoma. Washegari rundunar Volynsky ta harbe hafsanta, ta fito da bindigogi ta shiga cikin jama'a, sauran barikoki suka bi sahu. Sarki ya hau jirgi zai dawo, aka tare hanya, sai ya ƙare a garin Pskov. Daga Mogilev, Janar Alekseyev, babban hafsan hafsoshinsa, ya aika wa manyan kwamandoji waya yana neman ra'ayinsu, amsa ta dawo cewa sarki ya sauka. Ranar 15 ga Maris ya sa hannu a cikin taragon jirgi. Ya miƙa wa ƙanensa Mikhail, shi kuma washegari ya ce a kai kasuwa.

Hadiza: Malam, duk hirar nan ban ji sunan Lenin, jagoran 'yan Bolshevik da suka karɓi mulki daga baya, ba.

Malam Sani: Yana birnin Zurich na ƙasar Switzerland yana gudun hijira. A jarida ya tabbatar da labarin, bai iso Petrograd ba sai Afrilu.

Bashir: Ashe a kan shimfiɗar wasu ya zo ya miƙe ƙafa.

Hadiza: Nan za mu ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.