Iskar da ke sa fata ta yi ja

Assalamu alaikum, jama'a. Bari mu fara da abin da kowa ya taɓa gani. Mutum ya ci wani abu ko ya sha magani, kafin ka ce kwabo jikinsa ya yi rudu-rudu, ga ƙaiƙayi. Borin jini ke nan. Akan ɗora laifin kan sinadarin histamin, wanda wasu ƙwayoyin garkuwar jiki na cikin fata, masu suna mast, ke fesowa. Gaskiya ne, amma yana da ɗan aike. Idan histamin ya taɓa ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin jijiyar jini, sai su saki wata iska mai suna naitirik oksaid. Ita ce ke sa tsokar jijiya ta saki, jini ya kwararo, wurin ya yi ja ya ɗau zafi.

Iska fa nake cewa, wadda ba ta wuce daƙiƙu kaɗan a jiki. Gano cewa jiki na aika saƙo da ita shi ya ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998.

Jiki na ƙera ta daga sinadarin arjinin ta hanyoyi uku. Biyu suna ɗigo ta kaɗan-kaɗan, a jijiyoyin jini da na laka. Ta ukun, wadda ake kira iNOS, ita nake so ku riƙe. Barci take yi sai garkuwar jiki ta tashe ta, in kuwa ta tashi, sai ta yi sa'o'i tana ambaliya. Da wannan ambaliyar ƙwayoyin garkuwa ke kashe cutar da suka haɗiye, irin su lishmaniya mai miki a fata.

To, ina ga ranar da babu maƙiyi? Maɓallin wando ko agogo mai ƙarfen nikel ya goga fata, garkuwa ta ɗauke shi abokin gaba, bayan kwana ɗaya zuwa uku wurin ya kumbura ya feso. A irin wannan fatar ana samun iNOS ta ƙaru, kuma a gwajin ɓeraye, toshe ta ya rage kumburin. Idan iskar ta yi yawa, takan haɗu da wani sinadari ta koma guba mai lahanta ƙwayoyin fatar kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne, iskar nan kuma takan lallashi ƙwayoyin mast su rage fesa histamin. Shi ya sa ba na goyon bayan masu ganin a toshe ta ɗungurungum. Yawanta da lokacinta ya kamata a duba.

Wata 'yar'uwa ta miƙo tambaya, ko ana magani da ita. Ana yi. A Janairun 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da man shafawa berdazimer, mai sakin iskar a kan fata, don ƙurajen moluskum da suka fi kama yara.