Dashen Gashi a Ƙasar Waje: Kafin a Sayar da Riɗi a Yanki Tikiti

Jama'a masu saurarenmu, assalamu alaikum.

Ranar Lahadin da ta wuce, a hanyata ta dawowa daga kasuwar Gujungu da ke ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, na ratse rumfar wanzamin da ya daɗe yana yi mini aski. Can na tarar da ɗan wani aminina, matashi ne da bai cika talatin ba, yana harkar riɗi, kuma bana Allah ya buɗa masa. Ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, sanƙo ya cinye gaban kansa har ya doshi tsakiya. Bayan mun gaisa sai ya miƙo mini waya, ya ce, "Baba, don Allah duba mini nan. Turkiyya zan je, ko Indiya, ko Masar?" Na duba. Hotunan kawunan mutane ne, jiya fayau, yau gashi baƙi wuluk. A ƙasa ga saƙon WhatsApp: za a dasa masa saiwar gashi dubu biyar, da otal, da mota daga filin jirgi, da tafinta, kuma in ya tura kafin alƙalami cikin makon nan za a yi masa ragi.

Wanzami ya ce masa ya bar wahalar da kansa, ai sanƙo alamar arziki ne. Yaron ya yi murmushin yaƙe. Na san shekara biyu ke nan ko a ɗakinsa ba ya son cire hula, don haka ban ɗauki maganarsa da wasa ba, kuma ba na so ku ɗauke ta da wasa.

Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa a Kadawa ko a fadamar Auyo ya riga ya fahimci rabin aikin nan. Daga bedi ake cire iri a kai gona. A kan ɗan Adam, bedin shi ne ƙeya da gefen kunnuwa, domin sinadarin jikin namiji da ke kashe gashin gaba ba ya cika taɓa na wurin. Wani likitan fata a Amurka, Norman Orentreich, shi ya bayyana haka a 1959: gashin ƙeya in an mayar da shi goshi yana tafiya da halinsa. A yau hanyar da aka fi bi ita ce wadda ake kira FUE. Za a yi wa fatar kai allurar kashe zafi, a sa wani ɗan bututu mai kaifi da faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ba, a riƙa zaro saiwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da sili ɗaya zuwa huɗu, sannan a huda gaban kai a jera su. Yini guda ake kwashewa.

Inda misalin ya rabu da noma shi ne, manomi in irinsa ya lalace zai sake zuba wani. Ƙeya ba ta sake tsirowa. Duk saiwar da aka zare ta tafi ke nan, kuma abin da mutum zai iya bayarwa a tsawon rayuwarsa 'yan dubbai ne ƙalilan. Wanda ya yi maka alkawarin dubu biyar a zama ɗaya, alhali hoto kawai ya gani a waya, bai taɓa kanka ba, bai auna kaurin gashin ƙeyarka ba, to da dukiyar da ba ta da madadi yake ciniki.

Turkiyya ta yi suna a wannan aiki, babu musu. Birnin Istanbul cike yake da wuraren dashe, ga araha idan aka kwatanta da Ingila ko Amurka, kuma akwai ƙwararrun likitoci na gaske a cikinsu. Sai dai kasuwa in ta cika, kowa shigowa yake yi. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan wuraren da sunan likita ne kawai a allo, amma masu yanka da huda fatar mutum ma'aikata ne da ba su da lasisin tiyata, ana jera majinyata da yawa a rana ɗaya. Gwamnatin Turkiyya kanta tun 2017 ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar baƙi daga waje ya mallaki takardar izini daga ma'aikatar lafiya. Ka nemi a nuna maka ita. Indiya ma akwai ƙwararru a Delhi da Mumbai, mutanenmu sun saba da hanyar. Masar ta fi kusa, ga Larabci ga wanda ya iya. Dubai akwai tsada. Kowace ƙasa a cikinsu akwai hannu mai kyau, akwai na banza, shi ya sa na ce wa yaron nan tambayarsa ta soma daga inda bai kamata ba.

Na sa shi ya sake duba hotunan. Na ce, "Ɗana, a cikin kawunan nan, wanne ne irin naka?" Ya yi ta turawa da yatsa. Babu ko ɗaya. Duk Turawa ne da Larabawa masu gashi miƙaƙƙe.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma murɗewar ba a waje ta tsaya ba, har cikin fata saiwar a lanƙwashe take kamar ƙugiya. Bututu kuwa miƙe yake shiga. Hannun da bai saba da irin kanmu ba sai ya riƙa datse saiwar biyu, a yi asararta a ƙeya, a kuma rasa ta a goshi. Ga kuma matsalar tabo. Baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai kumbura ya yi tudu, irin wanda muke gani a kunnen wasu mata bayan huji, ko a ƙeyar wasu maza bayan ƙurajen aski. Mai irin wannan jiki, in aka yi masa huda dubbai a kai, abin da zai biyo baya zai iya fin sanƙon muni nesa ba kusa ba. Likitan kirki zai tambaye ka wannan tun kafin ya yi zancen kuɗi, wani ma sai ya gwada 'yan kaɗan ya jira ya gani. Saboda haka abin da za ka tambaya shi ne sunan likitan da zai riƙe kanka da hannunsa, da mutum nawa yake yi wa a rana, da hotunan baƙaƙen fata da ya yi wa aiki, na bayan shekara guda, a nuna gaba a nuna ƙeya.

Sannan a tuna, kwana uku ko huɗu za ka yi a can, sauran jinyar a ƙauyenku za ka yi ta. Kwanakin farko goshi kan kumbura, hula mai matsewa ba ta sawuwa, sujada ma sai da lallaɓawa. Ba a son rana mai zafi, ba a son gumi da ƙura, ga mu kuwa da babur da hanyar burji. Cikin 'yan makonni gashin da aka dasa zai zube, hankalin mutum ya tashi, alhali haka tsarin yake: sai wajen wata uku zuwa huɗu sabo ke fitowa, cikakken sakamako sai an shekara. In wurin ya yi ruwa ko ya ɗuri mugunya da tsakar dare, tafintan Istanbul ba zai zo Taura ba. Kuma gashinka na asali da ya rage zai ci gaba da zubewa a bayan wanda aka dasa, shi ya sa likitoci kan ɗora mutum a kan magani irin su minoxidil ko finasteride na dogon lokaci, su ma da nasu sharuɗɗan. Duk wannan kuɗi ne, kuma tun da aka saki naira a 2023 kowa ya san yadda dala ta koma.

Ta fuskar addini, malamai da dama sun halatta, domin gashinka ne aka mayar maka, ba na wani aka ƙulla ba, suna kafa hujja da hadisin mutum uku na Banu Isra'ila, wanda a cikinsu mai sanƙo ya roƙi gashi aka ba shi. Mai shakka ya tambayi malaminsa.

Ba kowace zubewar gashi ce ma ke son dashe ba. Akwai ta makero, akwai ta ƙarancin jini, akwai ta matsattsen kitso da ke cinye gaban goshin 'yan'uwanmu mata, wasu magani ne nasu. Mai ciwon suga ko hawan jini kuwa sai an daidaita shi tukuna. Likitan fata ne zai rarrabe, kuma muna da su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuɗin mota ne kawai tsakaninmu da su.

Kafin mu rabu na sa wanzami ya duba mini ƙeyar yaron. Ya karkata kansa wajen haske, ya shafa da babban yatsa, ya ce akwai 'yan ƙuraje masu tauri guda uku a gindin gashi, ya daɗe yana kauce musu da aska. Yaron bai taɓa sanin suna nan ba. Na ce masa kada ya tura wa kowa ko sisi, ya fara kai waɗannan ƙurajen gaban likita. Ya mayar da hularsa, ya ce in sha Allahu ranar Talata zai shiga Kano.

Wassalamu alaikum.